Gwajin Jini Kafin Aure: Me Ya Sa Matasanmu Ke Tsoronsa?

A yankinmu na Funtua da Malumfashi, daga Bakori har Kafur, lokacin aure kaka yake bi. Idan an cire masara, an casa waken soya, an kai auduga kasuwa, kuɗi ya shigo hannu, sai takardun neman ɗaurin aure su fara taruwa a teburin fasto, kowa yana so a yi nasa kafin Kirsimeti ko a makon sabuwar shekara. Ikkilisiyoyi da yawa yanzu ba sa fara sanarwar aure sai an kawo takardar gwajin jini daga asibiti. A cikin takardar akwai wani layi mai haruffa biyu kacal, AA ko AS ko SS, wanda ake kira jinotaif. Waɗannan haruffa biyu sun raba samari da 'yan mata da yawa bayan an riga an kai gaisuwa, an biya sadaki, an ɗinka anko.

Dattawa sukan ce yaran yanzu ba sa son gaskiya, shi ya sa suke gudun gwajin. Abin da nake gani wajen koyarwar masu shirin aure ya bambanta da haka. Da wuya ka sami matashin da zai ce maka gwajin ba shi da amfani. Kusan kowannensu ya san wani yaro mai sikila, a gidansu ko a makaranta ko a ƙungiyar mawaƙa, ya kuma ga yadda yake birgima idan ciwon ya tashi. Abin da suke tsoro shi ne lokacin da muke kawo gwajin da yadda muke yi da sakamakonsa. Kafin mu zo kan wannan, bari mu fahimci abin da ake gwadawa.

Abin da haruffan ke nufi

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. Kowane mutum yana gādon tsarin wannan sinadari sau biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda aka saba da shi ana kiransa A. Akwai wani da ya ɗan sauya, ana kiransa S. Mai AA ya gaji A ta ɓangarorin biyu. Mai AS ya gaji A ɗaya da S ɗaya, kuma lafiyarsa lau, yana noma, yana ɗaukar buhu, mace tana haihuwa. Mai SS shi ne mai ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini. Idan iska ta yi ƙaranci a jininsa, ƙwayoyin sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ne azabar ciwon ƙashi da ƙirji da ciki ke fitowa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki, amma ta mai sikila takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa yana rawaya kamar mai shawara. Akwai kuma nau'in C. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS za su iya haifar SC, wanda shi ma ciwon sikila ne ko da yake sau da yawa ya fi sauƙi.

Jinotaif daban, rukunin jini daban. Sau da yawa saurayi zai ce mini, “Fasto, ai na san nawa, O ne.” Wannan rukunin jini ne, na ranar da za a yi maka ƙarin jini. Bai gaya maka komai game da sikila ba.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne lissafin haihuwa. An gaya wa matasa cewa idan AS ya auri AS, ɗaya cikin huɗu zai zama SS. Sai wasu su ɗauka cewa ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon, don haka za su tsaya a uku. Ka ɗauki ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, a cikin kowacce akwai farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. A kowane ciki ana rufe ido a ɗauko goro ɗaya daga kowace ƙwarya. Idan aka ɗauko ja da ja, an sami SS. Bayan haka sai a mayar da goron, a sake girgiza ƙwarya don ciki na gaba. Ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauko bara. Saboda haka ɗan fari zai iya zama SS, na biyu ma haka. Idan ma'aurata AS da AS suka haifi 'ya'ya huɗu, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai sikila ta kai kashi 68 cikin 100. Idan shida ne, kamar yadda gidajenmu na ƙauye suka saba, ta haura kashi 80. Gidan da kuka sani mai 'ya'ya biyar ba ko ɗaya mai ciwon, gaskiya ne yana nan, amma maƙwabcinsa mai uku cikin biyar shi ma yana nan.

Me ya sa ya yi yawa a ƙasarmu?

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Dalilin yana da alaƙa da sauro. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa yaran da ke da AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A ƙasar da zazzaɓi ke kwashe yara kowace damina, masu AS ne suka fi rayuwa su hayayyafa, sai S ya yaɗu. Wato abin da wata yarinya take ɓoyewa yau da kunya, shi ne ya taimaki kakanninta suka kai shekarun aure.

An auna wannan a nan ƙasar Hausa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓin sauro a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu Jigawa. An sami kusan kashi 2 cikin 100 na jarirai sabbin haihuwa SS ne, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. Sun rasu tun suna ƙanana, yawanci ba wanda ya san sunan abin da ya kashe su. Idan wani tsoho ya ce maka a zamaninsu babu sikila, amsar ke nan. Iyayenmu suna da kalmar wabi ga matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har akan raɗa wa jariri suna kamar Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba ko zai zauna. Abubuwa da yawa ne ke kashe yara a lokacin, amma ina da yaƙinin cewa a wasu daga cikin gidajen nan, miji AS ne, mata AS ce, ita kaɗai kuma ta sha zargi.

Kowace al'umma tana da irin nata gādon. Mutanen tsibirin Kubrus, inda Bulus da Barnaba suka fara tafiyar bishara, suna da wani ciwon jini mai suna talasimiya. Yahudawan da suka fito daga gabashin Turai suna da ciwon Tay-Sachs mai kashe jarirai. Mutanen Sakha, can cikin sanyin Sibiriya a ƙasar Rasha, suna da nau'in kurumta da na gajarta da ake gada ta hanya ɗaya da sikila, daga iyaye biyu masu lafiya. A Yohanna sura 9, da almajirai suka nemi sanin ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Ubangiji bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Duk wanda ya ce wa uwar mai sikila la'ana ce ke binta, ya faɗi abin da Ubangiji ya ƙi faɗa.

Abin da matasan ke cewa

Matasanmu ba bakinsu ɗaya ba. Waɗanda suka je jami'a a Zariya ko kwaleji a Katsina, da yawansu an gwada su wajen rajistar shiga makaranta, kuma sun saba da maganar. Za ka ji saurayi ya tambayi budurwa jinotaif ɗinta a WhatsApp tun kafin ya san sunan mahaifinta. Wasu dattawa suna ganin wannan rashin kunya ne. Ni ina ganin hankali ne, ko da yake akan yi shi wani lokaci kamar ana cinikin akuya.

Wanda ya tsaya a ƙauye yana noma, ko yarinyar da ta gama firamare ta zauna a gida, sau da yawa ranar da kwamitin aure ya tura su asibiti ita ce ranar farko da aka taɓa ɗibar jininsu don wannan. A lokacin sun yi shekara biyu ko uku suna tare, iyaye sun san juna, an sayar da buhunan masara an yi lefe. Kuma a rana ɗaya ake haɗa gwajin da na ƙanjamau da na ciwon hanta, wani wurin har da na ciki. To idan aka ji an fasa aure bayan an dawo daga asibiti, mutanen gari ba za su tsaya tambayar wane layi ne a takardar ya jawo ba. Yarinyar da ba ta da komai sai AS za ta iya wayar gari ana nuna ta da baki.

Akwai kuma wani tsoro da ya keɓanta da mu. Masu bi a kudancin Katsina ba mu da yawa. Yarinya a ƙaramar majami'a ta ƙauye tana iya ƙirga samarin da za su iya aurenta da yatsun hannu. Idan na farko ya tafi saboda haruffa biyu, kuma labari ya bazu, tana ganin shi ke nan. Wannan tsoron yana kai wasu ga sayen takardar ƙarya, wasu ga ɗaukar ciki da gangan don a tilasta wa iyaye su yarda, wasu kuma su gudu birni su zauna tare ba ɗaurin aure, mu rasa su gaba ɗaya. Ya kamata a gaya wa irin wannan yarinya lissafin da ke gefenta: cikin samari huɗu, kusan uku AA ne, kuma idan ta auri AA ba za ta haifi SS ba. Taron matasa na gunduma da na ƙasa ma suna da amfani ta nan, ko da ba a rubuta shi a jadawalin taro ba.

Sai masu cewa bangaskiya ta isa. Na sha jin, “Fasto, mun yi azumi, Allah zai canza shi.” Wasu sun ji shaida a rediyo ko Facebook cewa wani AS ne ya koma AA bayan addu'a. Ba na shakkar ikon Allah a kan jinin da shi ya halitta. Amma ku sani ana yawan samun kuskure a gwajin nan, kuma mutum ɗaya zai iya karɓar sakamako biyu mabambanta daga ɗakunan gwaji biyu a mako guda. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ma, jinin wani ne ake karantawa tare da nasa. Idan har an sami canji na gaske, ba zai ji tsoron a sake gwada shi a babban asibiti ba. Ubangiji da kansa ya aiki kutaren da ya warkar su je firist ya duba su. Kuma ku tuna abin da Shaiɗan ya nema a kan ƙololuwar Haikali, da yadda Ubangiji ya ƙi yin tsalle don ya gwada Allah. A wannan al'amari ma akwai ƙarin nauyi, domin wanda zai sha zafin ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawarar. Ba a haife shi ba tukuna.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya kafin aure a 2004. A shekarun farko, kusan tara cikin goma na waɗanda aka gaya wa cewa jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu, domin ana gwajin ne bayan an gama duk shirye-shirye. A birnin New York na Amurka, wani malamin Yahudawa mai suna Josef Ekstein, wanda ya binne 'ya'yansa huɗu saboda Tay-Sachs, ya kafa ƙungiyar Dor Yeshorim a 1983. Suna gwada matasa tun suna makaranta, su ba kowa lamba. Idan an fara tunanin haɗa wani da wata, tun kafin su shaƙu, sai a ba da lambobin biyu a ji ko sun dace. Ba a bayyana wa kowa wane ne mai ɗauke da ciwon. Cikin 'yan shekaru haihuwar masu ciwon ta kusan ƙarewa a cikinsu. A Kubrus kuwa, tun 1983 Ikkilisiyar Otodoks take neman takarda kafin ɗaurin aure, amma takardar tana nuna cewa an gwada mutanen an kuma yi musu bayani ne kawai, ba ta nuna wa firist sakamakon.

A nan kusa da mu, a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta hana ɗaura aure a Jihar Kano sai da takardar gwajin jinotaif da ƙanjamau da ciwon hanta, dokar ta kuma hana tsangwamar masu waɗannan larurori. Mataki ne mai kyau. Sai dai duk dokar da ke tsayawa a ƙofar ɗaurin aure, ta gwamnati ce ko ta ikkilisiya, tana zuwa ne a makare.

Ra'ayina shi ne yaro ya san jinotaif ɗinsa tun kafin ya san soyayya. Lokacin ajin baftisma, ko shiga sakandare, ya fi dacewa. Zumuntar mata da ta matasa za su iya haɗa kuɗi su gayyato ma'aikatan lafiya, ko a ranar 19 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don sikila, a yi bayani ga kowa a fili, a ba kowa sakamakonsa a rufe. Yarinyar da ta san tun tana shekara 14 cewa ita AS ce za ta tambayi saurayi a wata na farko, lokacin da rabuwa ba za ta ci mata fiye da hawayen kwana biyu ba.

Ku kula da inda ake gwajin. Akwai wani gwaji mai arha da ke nuna ko akwai S a jini kawai, ba ya bambanta AS da SS, ba ya ganin C. Ku nemi wanda ake raba nau'o'in himogulobin da na'ura, a asibitin gwamnati kamar babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kafin aure a maimaita a wuri na biyu. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku zuwa huɗu. Kuma ina roƙon maza da abu ɗaya: idan takardarka ta ce AA, sai ga ɗanka an ce yana da sikila, kada ka fara da zargin matarka. Tsohuwar takardarka tana iya zama kuskure, kuma akwai wani gādon, talasimiya, wanda gwaji na yau da kullum kan nuna mai shi kamar AA, alhali idan ya haɗu da S yana ba da sikila. Ku je wurin likitan jini ku uku a sake dubawa kafin a kira taron dangi.

Idan duk da haka AS da AS suka zo gaban kwamiti fa? Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan wannan, wasu suna ƙin ɗaurawa sam. Ni shawarata gare su kullum ita ce su haƙura da juna, kuma ina faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba. Nakan so su zauna da iyayen da ke renon mai sikila, idan iyayen sun yarda, su ji abin da ake kashewa, da daren da ake kwana a asibiti ana neman mai ba da jini, da gonar da aka jinginar. Amma hani na dole, ba tare da koyarwa tun da wuri ba, shi ne ke cika teburinmu da takardun ƙarya. Kuma duk abin da aka yanke, sakamakon gwaji amana ne. Kada dattijo ya kai shi gida wa matarsa, kada a mai da shi roƙon addu'a a sujadar Laraba. Yusufu, da ya yi tunanin rabuwa da Maryamu, ya nemi yin haka a asirce don kada ya kunyata ta.

Waɗanda suke tare da mu yanzu

Duk wannan magana kada ta sa masu SS da ke zaune a kujerun majami'a su ji kamar su ne kuskuren da ake ƙoƙarin gyarawa. Zamanin Garki ya wuce. Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda ta Legas ta haura shekara 90 da sikila kafin rasuwarta a 2020. Mai SS zai iya aure. Idan ya auri AA, dukan 'ya'yansu AS za su zama, ba mai ciwon. Idan ya auri AS ne haɗarin ya kai rabi a kowane ciki.

Ana jin labarin dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, da sabon maganin gyaran ƙwayoyin gādo da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Waɗannan sun yi wa manomin Kafur nisa. Abin da ke kusa da shi, kuma yake ceton rai, shi ne a gane ciwon da wuri. Alamar farko sau da yawa kumburin hannu da ƙafa ne mai zafi, daga wajen wata shida. Daga nan sai cikakken rigakafi, gidan sauro, maganin kariya daga zazzaɓi da ƙwayoyin cuta da na ƙarin jini da likita zai rubuta, shan ruwa da yawa, da rufe jiki lokacin hunturu da ruwan Agusta. Kada a yi wa yaro tsaga ko sakiya a kan kumburin. Akwai kuma maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, wanda likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano suka yi bincike a kansa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Likita ne kaɗai zai sa yaro a kansa, yana duba jininsa a kai a kai. Idan yaro mai sikila ya yi zazzaɓi, ko numfashinsa ya yi sauri, ko cikinsa ya kumbura ta hagu ya yi fari fat, ko hannu ɗaya ya saki, a kira fasto a waya ana kan hanyar asibiti, ya same ku a can.